Saniyar da Dogo Ya Zaɓa wa Gwaggo

Daga Tela zuwa ga ɗan kawunta Dogo

Assalamu alaikum Dogo, likitan shanu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya iyali? Ina fata matarka ta warware daga zazzaɓin nan. Mu ma alhamdu lillahi. Ƙafar maigidana ta yi sauƙi har ya koma shago, yara kuma suna nan suna cinye ni da surutu. Inna tana gaishe ka. Jikin nata dai sai a hankali. Ido garau, kunne garau, baki kuwa ka san shi, amma yatsun nan sun ƙara ƙagewa. Na tsakiya da mai bi masa ba sa lanƙwasuwa sam, a hannu biyun. Abu in ba mai kauri ba ne da zai cika mata tafi, ba ta iya riƙe shi, ko cokali sai da na naɗa masa tsumma a mariƙi.

Na zaɓi takarda ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya, kuma Inna ta fi son abin da za a karanta mata sau uku. Direban da ke kai muku dusa yana bi ta gaban shagona duk mako biyu, shi zai riƙa kai mana.

Dogo, Baƙa ta mutu. Saniyar da ka sani tun tana karsana, shekara goma sha shida tana turken nan na gindin mangwaro. Tun ranar da aka fitar da ita Inna ta daina tashi da asuba sai don salla, in ta idar ta koma ta kwanta, fuska ga bango. Matar da a da kafin zakara ya yi cara na biyu ta wanke ƙwarya ta kama tatsa. Shekaranjiya na same ta da hantsi ko wuta ba ta hura ba. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "In tashi in yi wa wa?"

Yaya ya zo daga birni ya gan ta haka, hankalinsa ya tashi. Ya ce zai tafi da ita gidansa, can hawa na uku, inda ko kaza ba a kiwo. Inna ta ce ita da barin gidan nan sai dai a makara. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan magana ɗaya: a samo mata wata saniya. In tana iya tatsa da hannunta, tana hidimar kanta kamar da, zai ƙyale ta. In ba ta iya ba, ta yarda ta bi shi ba musu. Ya ba mu wata huɗu.

Da aka zo maganar wa zai zaɓo, ni na ce a je wurin tsohon makiyayin nan na bayan gari. Inna ta harare ni. Ta ce, "Ina da ɗa a cikin shanu dubu, sai in je roƙon idon wani?" Ka ji matsayinka, kai da rabonka da gidan nan shekara tara. Ni da nake share mata tsakar gida kullum ban isa in zaɓi ko akuya ba.

Ba wata babba muke so ba. Gidan ka san shi, rijiya ɗaya, rumfa ɗaya, da 'yar gonar ciyawa a baya. Ka nemo wadda za ta dace da ita.

'Yar gwaggonka,
Tela

Daga Dogo zuwa ga Tela

Wa alaikumus salam Tela, sarauniyar almakashi.

Na samu takardarki, na gode. Mu duk lafiya, uwargida ta miƙe sarai. Ki gai da maigidanki da yara. Ki durƙusa ki gaishe mini da Gwaggo, ki ce Allah ya ƙara sauƙi.

A tsaye na karanta, a ɗakin tatsa, injuna suna ta gurnani. Da na zo kan mutuwar Baƙa sai da na nemi wuri na zauna. Shekara taran nan da kika ambata, kin soke ni inda ya dace. Matar da ta ɗauke ni ina ɗan shekara biyar ranar da aka binne mahaifiyata, ta goya ni tana tatsa, ta ba ni kumfar madara da yatsa, yau sai a takarda nake jin halinta. Kullum ina cewa in an rage aiki zan zo, aikin kuma bai san ragi ba. Ban da hujja, shi ya sa ba zan kawo ko ɗaya ba.

Amma wannan karon zan fita kunya. Ki gaya wa Gwaggo ɗanta bai tafi kasuwa neman ragowar wani ba. Gonarmu tana sakar wa ma'aikata saniya ɗaya duk shekara, na je wurin manaja na ce bana tawa ce. Na kwana uku ina bin rajista, shafi bayan shafi, har na tsaya a kan lamba ɗari huɗu da bakwai. Haihuwarta biyu, ba ta taɓa ciwon hantsa ba, uwarta ma haka. Ba ta shuri, ba ta tunkuyi, in ana tatsarta sai ki ce barci take. An yi mata allurai duka. Abin da Baƙa take bayarwa a kwana huɗu, wannan a wuni ɗaya za ta ba ku, har ku rasa mazubi. Kuma ba ta buƙatar maraƙi a gabanta kafin ta saki nono irin shanunku na gida masu yanga, don haka ba wahalar kama maraƙi.

Ki bar maganar tsohon makiyayi. Su da ido suke zaɓe, mu da ma'auni. Direba zai kawo ta ranar Laraba. A gyara rumfa, a ƙara mata inuwa, ruwa kuma kada ya yanke.

Ɗan kawunki,
Dogo

Daga Tela zuwa ga Dogo

Assalamu alaikum Dogo.

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai ni da bayana ke ciwo, guga ne ya sa. Inna tana nan yadda na faɗa maka a baya, ba abin da ya sauya.

Amarya ta iso. Sai da muka cire ƙyauren danga kafin ta shiga, unguwa kaf ta fito kallo. Mai shayin bakin titi ya ce wannan ba saniya ba ce, mota ce aka manta ba a sa wa taya ba. Inna ta yi ta zagaya ta tana shafa wuyanta, tana cewa, "Ku gani, ɗana ne ya aiko." Ta ce ba za ta kira dabba da lamba ba kamar fursuna, ta sa mata suna Baƙuwa. Takardarka kuwa na karanta mata har na haddace, musamman wurin kumfar madara. Tana ƙarƙashin matashinta.

Gaskiyarka, ba ta da faɗa ko kaɗan. Ci ne dai da ita kamar gara, ciyawar mako ta share ta a kwana biyu, ruwa guga goma sha biyu kuma ba ya kai ta la'asar. Wannan duk mai sauƙi ne, muna yi. Madara ta yi yawa har maƙwabta sun fara gudunmu.

Ni nake zuwa da asuba in tatsa kafin in buɗe shago, kafin Inna ta saba da ita. Ita kuma takan ɗauko kujerarta ta zauna gefe, ta yi ta kallon saniyar, wani lokaci har rana ta take. Wai ni Dogo, haka shanunku suke da 'yan nonuwa gajeru, sirara kamar kan ɗan yatsa? Ni kaina da yatsa biyu nake kamawa.

Inna tana zaune kusa da ni yanzu, ta ce in karanta mata abin da na rubuta kafin in rufe. Ta ce in gaya maka ta gode, Allah ya yi maka albarka, saniya ta yi.

Tela

Daga Dogo zuwa ga Tela

Wa alaikumus salam Tela.

Lafiya lau muke, Allah ya sawwaƙe ciwon baya. A gai da Gwaggo da kowa.

Wallahi takardarki ta wanke mini zuciya. Na karanta wa abokan aiki wurin da kika ce Gwaggo takan wuni tana kallonta, har wani ya ce tsohuwa ta samu talabijin. Rabon da in yi barci mai daɗi irin na makon nan na manta. Ashe mutum yana iya yi wa iyayensa abin kirki ko daga nesa.

Tambayarki ta ba ni dariya. Ke da kika saba da shanu masu nonuwa kamar rogo, dole ki yi mamaki. Gajerun nan su ne alamar asali, su ake nema, su suka fi zama daidai a bakin inji. Ki bar su su saba da juna, kwana kaɗan ne. Kada ki shagwaɓa Gwaggo da taimako, ki bar ta ta kama abinta.

Ina sauri, direba yana jira.

Dogo

Daga Tela zuwa ga Dogo

Dogo,

Gaisuwa. Muna raye. Wannan takardar a shago nake rubuta ta, Inna ba ta san da ita ba, ba kuma za ta ji ta ba.

Wata biyu ban rubuto ba don ban san yadda zan yi maka ƙarya ta biyu ba. Inna ba ta taɓa tatsar saniyar nan ba, ko sau ɗaya. Tun washegarin zuwanta ta gwada. Baƙa nonuwanta dogaye ne masu kauri, Inna takan damƙa da tafi gaba ɗaya ta matse, yatsu ba su da aiki sosai. Wannan kuwa ba abin damƙa, sai an tsunkula da kan yatsu, su kuma yatsun sun mutu. Hannunta ya yi ta zamewa har gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Da ta gaji ta ce, "Kada ki kuskura ki gaya wa yaron nan. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kada a kashe masa gwiwa." Kallon da na ce tana yi wa saniya, wanda kuka yi wa dariya a wurin aiki, kallon abin da ya fi ƙarfinta ne. Duk da haka kullum sai ta faki idona ta sake gwadawa, nakan tarar da ƙwarya a wanke, a bushe.

Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɗora maka duka ba. Na bi umarninta na yi maka hannunka mai sanda, alhali na san kai ba ka ganin sanda sai ta sauka a kanka. Yaya kuma duk sanda ya bugo waya sai in ce Inna tana tatsa abinta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar da ta wuce Yaya ya iso da sassafe ba sanarwa, ya same ni a ƙarƙashin saniya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Tashi. Inna, bismillah." Ta zauna, ta gyara zani, ta sa hannu. Muna tsaye muna kallo. Ta kai minti ashirin, abin da ya taru ko kofin shayi bai cika ba. Saniyar ma da ba ta shuri sai da ta gaji ta matsa, ƙwaryar ta kife. Na ce, "Yaya, ba Inna ba ce, saniyar ce ba ta dace da hannu ba." Ya ce, "Ke tela ce. Bari mu tambayi mai abin."

A gabanmu ya kira ka, ya buɗe muryar wayar kowa yana ji, kai ba ka sani ba. Ya ce maka ana cewa saniyar da ka aiko tana da matsala. Ka tuna amsarka? Ni na riƙe ta. Ka ce, "Saniyar nan ba ta da aibi ko ɗaya. Duk wanda ya kasa tatsarta, to ba saniyar da zai iya tatsa a duniya." Ka ɗauka ni ake nufi, har ka ƙara da cewa in koma kan kekena.

Inna ta ɗauki ƙwaryar ta kakkaɓe ta, ta ce, "To, likita ya faɗa." Ta shige ɗaki.

Yaya ba mugunta yake yi ba, tsoro yake ji kada wata rana a tsince ta a bakin rijiya. Ya ce ƙarshen wata mai zuwa zai zo da mota. Saura kwana talatin da biyar. Ka ɗauko takardata ta farko, ka karanta gaisuwar da ke samanta, wadda na tabbata tsallake ta ka yi. Sannan ka kira Yaya.

Tela

Daga Dogo zuwa ga Tela

Assalamu alaikum Tela.

Ban san da wane baki zan tambayi lafiyarku ba, amma ina tambaya. Ya jikin Gwaggo? Ya yatsun? Wannan ne karo na farko da na tambaya, na sani.

Takardarki ta yi kwana ashirin da huɗu a aljihuna. Ranar da ta zo na ɗauko ta farkon daga cikin rajista, inda na sa ta alamar shafi. Ga shi nan ɓaro-ɓaro da rubutunki, har da cokali mai tsumma. Ni duk takardar da ta zo, idona yakan tsallake gaisuwa ya faɗa kan magana, kamar yadda nake yi wa takardun ofis. Na auna uwar saniya da kakarta, na auna madara da allurai, ban auna hannun da zai tatsa ba. Shekara goma sha ɗaya ina aikin madara, Tela, rabon da in sa hannuna a hantsa tun ina gidan Gwaggo. Inji ke yi, ni ina riƙe da biro.

Washegari na samo itace siriri na ɗaure yatsuna biyu a kowane hannu don kada su lanƙwasu, na shiga garke na zauna ƙarƙashin ƙanwar Baƙuwa. Ni da ƙarfina, ɗigo bakwai na samu. Na zauna a wurin na yi kuka, masu shara suna wucewa suna ɗauke kai.

Sai kunya ta kama ni. Na ɗauki waya zan kira Yaya ya fi sau goma, in na tuna yadda na cika baki sai in ajiye. Na ce gara in gyara da aiki, in saniya ta iso ita za ta yi magana. Kwana goma na farko ma ban yi komai ba, zuwa aiki kawai nake kamar wanda aka yi wa duka. Daga baya na ɗauki hutu na shiga ƙauyuka, ina bin masu kiwon da na ce da ido suke zaɓe. Duk garken da na shiga sai in ɗaure yatsu in durƙusa, suna yi mini kallon mai taɓin hankali. Wata tsohuwa ce ta gane, ta ce, "Uwarka ce ko?" Ta ja ni bayan gidanta.

'Yar ƙarama ce, ja, ƙahonta ɗaya a karkace, a rajistarmu ko kallonta ba za a yi ba. Haihuwarta huɗu. Nonuwanta sun cika tafi, kuma da taushi, da ɗaurarrun yatsu na cika kwano. Ba za ta ba ku ko rubu'in madarar Baƙuwa ba, ruwa guga huɗu ya ishe ta. Tana tare da maraƙarta, sai an sako ta ta tsotsa kaɗan uwar take sakin nono, yadda Gwaggo ta saba.

Motar direba tana gareji, ya ce Alhamis ta sama zai taso da su. Na lissafa, za su riga Yaya da kwana biyu. Ki riƙe mini shi in ya zo da wuri. Ki ce wa Gwaggo, a'a, kada ki ce komai, ban san me za ki ce ba.

Dogo

Daga Tela zuwa ga Dogo

Wa alaikumus salam Dogo.

Muna lafiya. Ka tambayi yatsu, suna nan yadda suke. Sauran jikin ban gani ba kwana shida ke nan, sai abin da matar Yaya ta faɗa mini a waya.

Takardarka da saniyarka a mota ɗaya suka iso ranar Alhamis, tunda direban ɗaya ne. Inna ta tafi ranar Talata. Ba Yaya ne ya matso da ranar ba, ita ce. Ta ce tunda magana ta ƙare, zaman me take yi, kullum tana kallon dabba tana cin abinci a banza. Da ka bugo waya sau ɗaya, ko ni ka gaya wa, da na kwanta a gaban motar. Ni ma da na kira ka da na ji, amma fushi ya hana ni, na ce ba ni zan bi ka ba. Kowa ya riƙe girmansa, tsohuwa ta hau bene.

Da kanta ta haɗa kayanta. Ta ba maƙwabta kaji, ta ba ni ƙwaryar tatsa, ta ce can ba ta da amfani. Baƙuwa tana wurin wani mai kiwo da ke da inji, ya ce bai taɓa ganin irinta ba, ka ga ba ka yi ƙarya ba. Gidan kuma Yaya ya yi wa wani malamin makaranta alkawarinsa, zai tare da iyalinsa ranar goma ga wata.

Na sauke jar saniyar a turken gindin mangwaro don ba ni da wurin da ya fi nan. Jiya da safe na yi irin haukarka. Na ɗaure yatsuna da ƙyallen ɗinki, na sako maraƙar ta tsotsa, na janye ta, na damƙa. Madara ta zubo har tana ƙara a ƙwarya. Ban kai ga cikawa ba na tashi, don ban iya ganin abin da nake yi. Da ta iya, Dogo. Da hannu ɗaya ma da ta iya.

Matar Yaya ta ce suna kula da ita sosai, an ba ta ɗaki mai taga. Tana tashi da asuba ta shiga kicin ta wanke kwanukan da aka riga aka wanke, sannan ta zauna. Ba ta ƙorafi. In an tambaye ta sai ta ce ai tsufa ba a gardama da shi.

Kafin ta shiga mota ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita don kada in rage. Ta ce, "Ki gaya wa ɗana kada ya sa komai a ransa. Saniyarsa ba ta da laifi, ni ce na ƙare, shi kuma ya yi gaskiya da ya faɗa. Gara da na ji daga bakin wanda ya sani."

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da Yaya ne ya faɗa, da ta yi ta musu har gobe. Da ni ce, da ta ce me tela ta sani. Kai ne ka faɗa, sai ta yarda.

Ban gaya mata an kawo wata saniya ba, ban gaya wa Yaya ba. Ko na faɗa ba za ta taso ba, cewa za ta yi lallashi ne. Bakin da ya ce ta ƙare shi kaɗai za ta saurara, kuma ba a waya ba, ba a takarda ba. Kada ka ba direba amsar wannan, ba zan karɓa ba. Zan ci gaba da ba jar ruwa da ciyawa har ranar tara ga wata. Gidan Yaya ba ka taɓa zuwa ba, to benen da ke bayan babban asibiti ne, hawa na uku, ƙofa ta biyu a hagu. In ka ƙwanƙwasa ka ɗan jira, ita kaɗai ce a gidan da rana, kuma mariƙin ƙofar siriri ne.

'Yar gwaggonka,
Tela